Karon Gaba da Gaba a Ƙwallon Kwando: Darasi Daga Fagen Dambe na Ƙasar Mafara

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa riskar kaka a ƙasar Mafara, ko Bakura, ko Maradun, a shekarun zaman lafiya, ya san abin da kalangu ke nufi idan ya tashi da la'asar sakaliya. Jama'a su kewaye fage, samari biyu su fito tsakiya, kowa ya naɗe hannu, sa'an nan a zuba ido a ga wanda zai kai ɗan'uwansa ƙasa. A wannan wuri babu mai fakewa da wani, domin ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba a tabbatar da gwanintar mutum sai an ware shi daga cikin taro an haɗa shi da tsaransa.

Ƙwallon kwando baƙon wasa ne a wannan yanki, kuma har yanzu bai kama ƙafar ƙwallon ƙafa ba wajen farin jini. Masu son ganin ya kafu sukan ɗora laifin a kan rashin babban fili, da rashin kayan wasa, da rashin dogayen yara. Ra'ayin wannan maƙala ya saɓa wa haka. Tushen ƙwallon kwando shi ne karon gaba da gaba, watau mutum ɗaya ya fuskanci mutum ɗaya a gindin kwando guda, kuma abin da ke raba gardama a wannan karo ƙafa ce da hankali, ba tsawo ko ƙarfi ba. Waɗannan abubuwa biyu kuwa su ne fagen dambe da kokawa da langa ya shekara aru-aru yana koya wa yaran ƙasar Zamfara. Saboda haka makarantun wannan yanki ba su da dalilin zaman jira.

MA'ANAR KARON GABA DA GABA

Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙago ƙwallon kwando a watan Disamba na shekarar 1891, a garin Springfield na Amurka, domin ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Kwandunan zuba 'ya'yan itace ya rataya, shi ya sa sunan ya bi wasan har yau. A cikakken wasa mutum biyar ne ke karawa da biyar, a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, kwando kuma yana bisa da mita 3.05 daga ƙasa.

To, amma idan aka lura da kyau, za a ga cewa wasan mutum goma ɗin nan ƙananan karo ne aka harhaɗa. Duk lokacin da ƙwallo ya zo hannun ɗan wasa, akwai mutum guda da ke tsaye tsakaninsa da kwando. Idan ya iya yanke shi ya wuce, tilas wani daga cikin masu tsaro ya bar nasa mutumin ya kawo gudummawa, nan take kuwa sai kafa ta buɗe ga sauran abokan wasa. Idan bai iya ba, duk dabarar da mai horarwa ya tsara ta tashi a banza. Haka abin yake ta fuskar tsaro: ƙungiyar da ke da mutum ɗaya da ake wucewa cikin sauƙi kamar shinge ce mai ɓaraka, ta nan awaki za su riƙa shiga.

Wannan ne ya sa ake ware karon a mai da shi horo mai zaman kansa. Mutum biyu, ƙwallo ɗaya, kwando ɗaya. Wanda ke riƙe da ƙwallo ya nemi hanya, ɗayan ya hana shi, in an ci ko an ƙwace a sake. A cikin rabin sa'a na irin wannan karo yaro zai taɓa ƙwallo, ya yanke shawara, ya yi kuskure ya gyara, fiye da yadda zai yi a wasanni da yawa na mutum goma, inda manyan yara kan mamaye ƙwallo su bar ƙanana da gudun banza.

GWANINTA A ƘAFA TAKE

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan batu ba daga nesa ta faro ba. Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a shekarar 1963, bai san ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15. Kafin nan mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan wasan ƙwallon hannu. Makarantarsa, Kwalejin Horar da Malamai ta Musulmi da ke Legas, ta shiga wani bikin wasanni na kwalejojin malamai da aka shirya a Sakkwato, shi kuwa yana cikin 'yan ƙwallon hannu. Wani abokin karatunsa ne ya roƙi mai horarwa a sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando, aka kuwa amince. A wancan zamani Talata Mafara da Bakura da Maradun duk suna cikin Jihar Sakkwato, domin sai a shekarar 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Watau dai gasar da ta buɗe wa babban gwanin da Nijeriya ta haifa ƙofar wannan wasa, a babban birnin jihar mutanen Mafara aka yi ta.

Daga nan ya tafi Jami'ar Houston. A farkon shekarun 1980, lokacin hutu, yakan je wani ɗakin wasa na birnin ya kara da Moses Malone, wanda a lokacin yana cikin manyan gwanayen gasar ƙwararru ta NBA. Malone bai raga masa ba, ya riƙa ture shi yana cin sa, har yaron ya koyi yadda ake tsayawa gaban babba. A shekarar 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayin na farko cikin sababbin 'yan wasa, a shekarar da aka ɗauki Michael Jordan a matsayi na uku. Ya ci kofin gasar a 1994 da 1995, kuma har ya bar wasa ya tare jifa 3,830, adadin da babu wanda ya kai tun da aka fara ƙididdigar.

Dogaye irinsa suna da yawa a gasar, wasu ma sun fi shi tsawo da kauri. Abin da ya bambanta shi ƙafa ce. Dokar wasan ta hana mutum tafiya da ƙwallo a hannu ba tare da yana buga shi a ƙasa ba. Idan ya tsaya, dole ya kafa ƙafa ɗaya kamar turke, ɗayar ce kawai ke da 'yancin zagayawa. A cikin wannan ƙuncin doka Hakeem ya gina sana'arsa. Yakan ba abokin karo baya, ya karkata kafaɗa dama kamar can zai bi, ya juya hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, idan mai tsaro ya yi tsalle sai ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashinsa. Shi da kansa ya sha danganta wannan iyawa ga tsaron gida da ya yi yana yaro. Bayan ya bar wasa, manyan gwanaye sun riƙa zuwa Houston ɗaukar darasi a wurinsa: Kobe Bryant a 2009, LeBron James a 2011. Ba tsawo suka je nema ba, domin ba a koyar da tsawo. Taku suka je koyo.

ABIN DA FAGE YA RIGA YA KOYAR

Idan mai tsaron gida ya iya ɗaukar takunsa ya kai ƙwallon kwando, mene ne zai hana ɗan dambe da ɗan kokawa? A dubi tsayuwar ɗan dambe. Yakan buɗe ƙafafu, ya rage tsawo, ya miƙa hannun garkuwa gaba yana auna tazara, ya ja mashi baya yana jiran kafa. Ba ya harɗe ƙafa idan zai matsa, domin ya san wanda ya harɗe ƙafa ya ba da kansa. Wannan ita ce tsayuwar da ake koya wa mai tsaro a ƙwallon kwando, kusan babu ragi babu ƙari: a buɗe ƙafa, a lanƙwasa gwiwa, a miƙa hannu ɗaya wajen ƙwallo, a ja jiki gefe ba tare da ƙafa ta haye ƙafa ba.

Sa'an nan a dubi yaudara. Ɗan damben ƙwarai ba ya sakin hannu a karon farko. Yakan gwada kamar zai kai, ya ga inda abokin karo ke kaucewa, ya ajiye wannan a ransa, sai a turmi na biyu ko na uku ya tare shi a can ya yi kisa. Ɗan kokawa kuma yana karanta nauyin jikin abokinsa: da zarar ya ji nauyin ya koma kan ƙafa ɗaya, ta nan zai shiga. Mai riƙe da ƙwallo ma abin da yake nema ke nan. Yana taka ƙafar gwaji domin mai tsaro ya mai da nauyinsa gefe guda, sa'an nan ya bi ta ɗaya gefen kafin ya dawo daidai.

Langa kuwa makaranta ce ta daidaiton jiki. Yaron da ya saba riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar, ana bangazarsa bai faɗi ba, ya riga ya mallaki abin da masu horarwa ke shan wahalar dasawa a jikin yaran da suka tashi a kan kujera. Bugu da ƙari, langa tana da ruwa, wanda sauran 'yan wasa ke karewa suna share masa hanya har ya kai gida. A ƙwallon kwando ma akan sa jiki a tare mai tsaro domin abokin wasa ya sami hanya.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan, watau tarbiyyar fage. Yaron da ya tashi yana kallon dambe ya san cewa ana kashe gwani ya tashi ya kaɗe jiki, ya dawo wata shekara. Ya san faɗuwa gaban jama'a ba mutuwa ba ce. Karon gaba da gaba yana bukatar wannan zuciya, domin wanda ke tsoron kunya ba zai taɓa gwada sabuwar dabara ba.

HANYOYIN HORO

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawar tana da tsari. Mai horarwa a makarantar Mafara zai iya bin matakai biyar, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke bukatar kuɗi masu yawa.

Mataki na farko shi ne horon ƙafa ba tare da ƙwallo ba. A ja layi a ƙasa, yara su riƙa gudu suna tsayawa cak a kansa da ƙafa biyu, su kafa turke, su juya gaba, su juya baya, da dama da hagu. A haɗa da tsallen igiya da langa. Kada a ɗauka wannan ƙauyanci ne. A shekarun 1940, lokacin da Ray Meyer ya karɓi George Mikan a Jami'ar DePaul, ya same shi dogo amma maras fasali, sai ya sa shi tsallen igiya da naushin jakar 'yan dambe da koyon rawa, har ƙafarsa ta yi sauƙi. Mikan ya zama babban gwanin zamaninsa.

Mataki na biyu shi ne raya hannun hagu. Ɗan dambe mashi ɗaya gare shi, amma ɗan ƙwallon kwando dole ya mallaki biyu, in ba haka ba mai tsaro zai toshe masa dama ya bar shi da hagun da ba ta da amfani. A nan ne wasan ya rabu da fage, kuma a nan ne yaran ƙasar Hausa za su fi shan wuya, saboda al'ada ta horar da su ga yin komai da dama. Maganin abin shi ne atisayen da ake kira da sunan Mikan: yaro ya tsaya gindin kwando, ya jefa da dama daga dama, ya cafe kafin ƙwallo ya taɓa ƙasa, ya jefa da hagu daga hagu, haka haka har hannayen su daidaita.

Mataki na uku shi ne buga ƙwallo a ƙasa ido yana sama. Wanda ke kallon ƙwallo ba ya ganin abokin karo, kamar ɗan damben da ke kallon hannunsa ne. Mai horarwa ya tsaya gaban yara yana nuna yatsu, su kuma suna faɗin adadin alhali suna buga ƙwallo.

Mataki na huɗu shi ne karon kansa, amma da sharaɗi. A ƙayyade wa mai kai hari bugu uku kacal, in bai jefa ba ƙwallo ya koma hannun abokinsa. Wannan sharaɗi yana kashe wasan burga, yana tilasta yaro ya yi aikin yaudararsa da ƙafa da kafaɗa da ido tun kafin ya saki ƙwallo. Wata rana a fara daga gefen fili, wata rana daga gindin kwando, wata rana a hana amfani da dama. Mai tsaro kuma a koya masa ya sa ido a ƙugun abokin karo, domin kai da hannu da ƙwallo duk suna yin ƙarya, amma inda ƙugu ya nufa can mutum ya nufa.

Mataki na biyar shi ne haɗa yaro da wanda ya fi shi. Jordan ya tashi yana karawa da yayansa Larry a bayan gidansu, yana shan kashi, kamar yadda Hakeem ya sha a hannun Malone. Yaron da kullum yake cin abokan karonsa ba horo yake yi ba, yabon kai yake yi. Sai dai a auna, kada tazarar ta yi yawan da za ta karya masa zuciya.

YADDA AKE AUNA GWANAYE

Gardamar wane ne ya fi wani tsohuwa ce, kuma ba ta ƙarewa a majalisar samari. Mafi yawan masu yin ta da ƙididdiga suke kafa hujja: wane ya ci maki kaza, wane ya ɗauki kofi kaza. Bahaushe yana da wani ma'auni. Ba a tuna Shago da yawan waɗanda ya kashe kawai ba. An tuna shi ne da irin mazajen da ya kara da su, musamman Ɗandunawa, kuma waƙoƙin Ɗan Anace sun adana sunayen su biyun tare. A fage tambayar ita ce: da wa ya haɗu, yaushe, kuma yaya aka rabu?

Idan aka ɗora Hakeem a wannan ma'auni, shekarar 1995 ta isa shaida. A wannan shekara David Robinson na ƙungiyar San Antonio aka zaɓa gwanin gwanayen gasar. Da suka haɗu a zagayen kusa da na ƙarshe, Hakeem ya riƙa cin maki 35.3 a kowane wasa bisa matsakaicin lissafi, Robinson kuwa 23.8, Houston ta yi nasara da wasa 4 da 2. A zagayen ƙarshe ya haɗu da Shaquille O'Neal na Orlando, saurayi mai tsawon mita 2.16 wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Hakeem ya ci maki 32.8 a kowane wasa, O'Neal 28, aka tashi 4 da babu. A watan Fabrairun wannan shekara kuma, wanda ya zo daidai da watan Ramadan, an zaɓe shi gwanin wata alhali yana azumi. An ma shirya musu karon gaba da gaba shi da O'Neal a watan Satumba na 1995, amma ciwon baya ya hana Hakeem fitowa, aka fasa.

Wannan bai rage wa O'Neal daraja ba, domin daga baya ya ɗauki kofi huɗu. Amma tasa gwanintar ta ginu ne a kan jikin da Allah ya ba shi, kuma babu malamin da zai ce wa yaro ya je ya zama O'Neal. Jordan, mai kofi shida, da Bryant, mai kofi biyar, sun fi kusa da tafarkin Hakeem: da shekaru suka fara rage musu tsalle, sai suka koma ga ba da baya da juyi da taku, suka ci gaba da cin maki. Allen Iverson kuwa tsawonsa mita 1.83 ne kawai, amma a watan Maris na 1997, a shekararsa ta farko a gasar, ya yaudari Jordan da sauya hannu ya jefa a gabansa, a 2001 kuma aka zaɓe shi gwanin gwanaye. Saboda haka idan za a kwatanta gwanaye domin amfanin mai koyo, tambayar da ta fi dacewa ita ce: wane ne cikinsu za a iya koyon abinsa? A nan Hakeem ne a gaba, kuma tattakin da gwanaye suka riƙa yi zuwa ƙofarsa ya tabbatar da haka.

IYAKAR KARON

Masu suka za su ce karon gaba da gaba yana haifar da son kai, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Tarihin wasan ya nuna haka. Wilt Chamberlain ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa guda a ranar 2 ga Maris, 1962, amma kofi biyu ya ɗauka a rayuwarsa. Abokin hamayyarsa Bill Russell bai kai shi cin maki ba, amma ya ɗauki kofi 11 a cikin shekara 13 tare da ƙungiyar Boston. Jordan ma ya ci maki 63 a kan Boston a watan Afrilu na 1986, duk da haka ƙungiyarsa ta sha kashi, kuma bai ɗauki kofi ba sai a 1991, bayan ya yarda ya riƙa sakin ƙwallo ga abokan wasansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma wannan gargaɗi ne a kan tsayawa ga karon, ba hujja ba ce ta barinsa. Jinka ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya, haka kuma ba ta ɗaukuwa da hannaye goma na ragwaye. Tsarin da ya dace shi ne a fara da ɗaya da ɗaya, a wuce biyu da biyu, sa'an nan uku da uku, inda yaro zai koyi cewa amfanin yanke mutum shi ne buɗe wa ɗan'uwa hanya. Wasan uku da uku ma yanzu gasa ce mai cin gashin kanta a rabin fili da kwando guda, har ta shiga wasannin Olamfik tun daga na Tokyo da aka yi a 2021.

DALILIN GAGGAWA

Wani zai ce, ina ruwan mutanen da ke fama da 'yan bindiga da ƙwallon kwando? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a amsa ta da wasa. A watan Fabrairu na 2021 an sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na wannan shekara aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka kwashe ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Babu mai hankalin da zai ce ƙwallo zai magance wannan masifa.

Sai dai masifar ita kanta ce ta ƙara wa batun muhimmanci. Inda tsoro ya hana taruwa a bayan gari, fagen kaka yakan mutu, yara kuma su rasa wurin da za su gwada ƙarfinsu a ƙarƙashin doka da idon manya. Ƙuruciya ba ta zama wuri ɗaya. In ba a ba ta fage ba, za ta nemi nata, kuma masu neman samari domin ɓarna ba barci suke yi ba. Filin ƙwallon ƙafa yana bukatar kimanin mita ɗari a tsawo, shi ya sa yawanci yake gefen gari. Karon gaba da gaba kuwa ɗan lungu ya ishe shi a cikin katangar makaranta. Ana bukatar turken ƙarfe ko na icce, da allon da kafinta zai haɗa, da zobe mai faɗin santimita 45 da mai walda zai lanƙwasa a kasuwar Talata. Inda babu siminti, daɓe mai kyau irin wanda mata suka gada ya isa ƙwallo ya yi tsalle a kansa.

Wannan sauƙi ya shafi 'yan mata ma. A cikin makarantarsu, da suturarsu, za su iya yin wasan ba tare da an keta wata al'ada ba, tun da hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta ɗage haramcin rufe kai a shekarar 2017. Kuma kada a manta cewa matan Nijeriya sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, sun kuma kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a Olamfik ɗin Faris a 2024.

Cewa wasan ba ya kama ƙasa a Arewa kuwa, Kano da Zariya sun riga sun ƙaryata shi. Ƙungiyar Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama. A Zariya, wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Mutum guda mai naciya ne ya dasa wannan iri. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, tana da jami'ar jiha, ga makarantun sakandare a kewaye. A cikinsu ba za a rasa mai naciya ɗaya ba.

Ɗaliban Hausa ma suna da nasu kason aikin. Yaro ba ya koyon taku da kalmomin da bai fahimta ba. Tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa na wannan yanki suna riƙe da kalmomin tsayuwa da kamu da kauce da yaudara waɗanda ba a rubuta ba. Tattara su, da tace waɗanda za su dace da sabon wasan, aiki ne da ya cancanci kundin neman digiri, kuma yana bukatar hanzari kafin masu su su ƙare.

KAMMALAWA

An nuna cewa karon gaba da gaba shi ne harsashin ƙwallon kwando, kuma taku da karanta abokin karo su ne ke raba gardama a cikinsa. An nuna cewa gwanin da sauran gwanaye suka je koyo a wurinsa ɗan Nijeriya ne, wanda gasar Sakkwato ta jawo cikin wasan, kuma daga wani wasa dabam ya ɗauko ƙafarsa. An kuma yarda cewa karon mataki ne na farko, ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Abin da ya rage shi ne shugabannin makarantu da malaman motsa jiki na Mafara da Bakura da Maradun su daina jiran ranar da gwamnati za ta gina babban fili. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. A kafa turke ɗaya a kowace makaranta, a rataya zobe, a gayyato tsohon ɗan dambe ya nuna wa yara tsayuwa, sa'an nan a fito da yara biyu a ba su ƙwallo. Allah ya maido da zaman lafiya a ƙasar Zamfara, ya sa yaranta su koma gwada ƙarfinsu a fage, amin.